Murhun Cikin Mota

Shekara ashirin da biyu ina rewaya a Buzaye,
ban taɓa gyara abin ɗumama mota ba.
Cirewa muke yi.
Mota ta iso daga Kwatano, 'yar Beljiyam,
tsatsar wata ƙasa manne a cikinta,
mu ɗaga bonet, mu datse tiyo biyu,
mu toshe bakinsu da tsohon fulogi,
mu ce da mai ita: Alhaji, nan fa Sakkwato ce,
inda sitiyari ke gasa tafin hannu,
wa ke kai wa rana gudummawar wuta?

A bayan shagona suke tsibi,
'yan akwatunan ƙarfe masu baƙin hanci.
Arzika, yarona, kan sayar wa 'yan gwangwan da kilo
ya sayi masa da romo.

Sai Tumba ta zo ran wata Talata a tsakiyar ɗari,
da kwali a hammata.
Ba ta zauna ba. Ta aje shi bisa bencina, ta buɗe.
'Yan tsaki goma sha ɗaya,
ƙafafu a miƙe kamar tsinken ashana.

Ta ce, Ƙarfe ukun dare nika amsar su ga babbar mota,
in kai Wurno kafin a sallame asuba.
Sanyin fadama shi ka cinye man uwar kuɗi.
Mun aza kurfoti tsakar mota,
hayaƙin gawayi ya juya kan Labbo direba,
saura ƙiris mu kwana cikin rami kusa da Acida.
An ce kai ka fidda su. To, maida man guda.

Na durƙusa, na leƙa ƙarƙashin kujerar bas ɗinta.
Ashe yana nan, babu wanda ya gan shi balle ya cire:
ɗan murhu mai shan gas ɗinsa shi kaɗai,
ba ya jiran inji ya yi zafi.
Ɓera ya yi sheƙa a maƙogwaronsa.
Kusa da shi, a maƙale,
safar hannu ta yaro, ja, ta hagu,
ba ta kai tsawon yatsana ba.

Kwana uku ina bin waya kamar mai bin sawun ɓarawo.
Rubutun jikinsa ba Turancin da na sani ba ne.
Maƙwabta na wucewa suna dariya:
Yau Maidamma zai hura wa Sakkwato wuta!
Ran na uku da la'asar famfon ya ce tak,
ya yi shiru,
ya ce tak, tak, tak,
sai iska mai ɗumi ta shafi idon sawuna
kamar numfashin ɗan maraƙi.

Na bi su da kaina, don ban yarda da aikina ba.
Kwali talatin a bayanmu.
Mun wuce gonakin albasa, raɓa na zuba a gilashi,
masu babur sun naɗe kai da buhu,
mu kuwa Labbo har ya tuɓe rigar sanyi.
Bayan motar ya cika da tsiyau-tsiyau,
surutun da Tumba ke saurare ido rufe,
leɓenta na motsi, ban san lissafi ba ne ko tasbihi.

A Wurno ta ƙirga su a hasken tocila.
Biyu sun tafi. Ta ce, Waɗanga kwanansu ne ya ƙare.
Ta biya ni, ta ƙara mini da shida a hula.

Ɗaya ya rayu, ga shi can kan tulin taya,
yana cara ba lokaci.
Safar tana rataye a ƙusa, kusa da mitata.
Wani lokaci nakan dube ta in ce,
wani uba ne ya kunna murhun nan tun da duhu
don kada yatsun ɗansa su sandare.

Zafi na tafe, na sani.
Na nuna wa Labbo inda ake kashewa, ba yankewa ba.
Arzika kuwa na ce masa
ya nemi kuɗin masa a wani wuri.